Likita ya ce jijiyoyin Baba na hagu a haɗe suke, balan-balan ba zai zauna ba. Gaskiya ne?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawarar masu ilimin abin nake nema. Mahaifinmu yana fama da ciwon nan na bugun zuciya mara tsari, wanda likitoci ke ce wa AF. Zuwa yake ya tafi: yana zaune lafiya lau sai zuciya ta hau fat-fat-fat ba ƙa'ida, ya jiƙe da zufa, wani lokaci awa biyu, wani lokaci wuni guda. Magunguna sun kasa riƙe shi, aka ce sai aikin kateta, wato siririn bututun da ake zurawa ta jijiya zuwa cikin zuciya. Yanzu haka yana Alƙahira tare da ƙanena.

Tun daga gida abin da aka gaya mana shi ne za a yi masa na sanyi, wanda ake shiga da balan-balan a daskarar da wurin, wai ya fi sauri. An yi masa hoton siti na ƙirji, sai likita ya ce jijiyoyin huhunsa biyu na hagu a haɗe suke, bakinsu ɗaya, don haka ya fi son ya yi masa na ƙonawa. Kuɗin ma ya ɗan ƙaru. Raina bai kwanta ba. Da gaske akwai irin wannan halitta, ko an ga baƙo ne ana so a tatse shi?

Alhaji Mai Atamfa:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Ni na sanyin aka yi mini a Indiya, washegari aka sallame ni, har yau Alhamdu lillahi ina zuwa kasuwa. Ku tsaya kai da fata a kan na sanyi. Da zarar sun ga mutum ya hau jirgi ya zo, sai lissafi ya canza.

Ɗalibin Likita:
Akwai babban bincike a kan wannan, FIRE AND ICE, na shekarar 2016. Marasa lafiya 762 aka raba gida biyu a Turai, rabi sanyi rabi ƙonawa, sakamakon ya zo kusan ɗaya. To in duk ɗaya ne, me zai sa a canza masa tsari a ƙara masa kuɗi? Ina tare da Alhaji.

Dakta Ummi:
Ku ɗan dakata, kada mu ɗora wa likitan da ba ya nan laifi kafin mu ji hujjarsa.

Abban Sadiq, halittar gaskiya ce, kuma ba cuta ba ce. Jinin da ya ɗebo iska a huhu yana dawowa ɗakin zuciya na sama na hagu ta jijiyoyi. A yawancin mutane, kusan bakwai cikin goma, guda huɗu ne, biyu dama biyu hagu, kowacce da bakinta. Sauran mutane kuma kowa da yadda Allah ya tsara shi. Wanda aka fi gani shi ne na Baba, inda na hagu biyu ke haɗewa su shigo ta ƙofa ɗaya mai faɗi. Wani kuma sai ka tarar da ta uku a dama, 'yar siririya a tsakiya. Mutum zai rayu shekara 90 da haka bai sani ba.

Abin da ya sa ya zama magana a wajen mai AF shi ne, a 1998 wani likita a Bordo ta ƙasar Faransa, Michel Haïssaguerre, shi da abokan aikinsa suka gano cewa tartsatsin lantarkin da ke tayar da wannan hargitsi galibi daga cikin waɗannan jijiyoyi yake fitowa. Tsokar zuciya tana ɗan kutsawa cikinsu, santimita ɗaya zuwa biyu, a nan fitinar take kwana. Aikin da za a yi wa Baba, ko da sanyi ko da zafi, manufarsa guda: a zagaye bakin kowace jijiya da tabo, tabon da lantarki ba ya iya ƙetarewa. Jini ya ci gaba da wucewa, tartsatsi ya maƙale a ciki. Sharaɗin kuwa, zoben ya haɗe ruf. Giɓin milimita biyu ya isa ya dawo da ciwon.

Mai ƙonawa ɗigo-ɗigo yake bi, yana zana zoben da hannunsa, duk yadda bakin ya karkace zai bi shi. Balan-balan kuwa da siffarsa ya zo daga kamfani, kewayayye ne. Ka ɗauki lemon zaƙi ka ɗora a bakin tulu: in bakin daidai yake, ya toshe. In ya fi lemon faɗi, ya faɗa ciki. In bakin a matse yake ta gefe, ya zauna amma ruwa na bi ta kusurwa.

Abban Sadiq:
Na gode Anti Dakta, yanzu na fara ganin hoton abin. Amma ba a yin balan-balan ɗin girma-girma ne? Su ɗauko babba mana.

Ɗan Zazzau a Ingila:
Bari in shigo nan, don a ɗakin kateta nake aiki, ni ne mai zama gaban allo ina kallon layukan lantarki da ma'aunin sanyi.

Wanda ya fi yaɗuwa a duniya shi ne Arctic Front na kamfanin Medtronic, girma biyu gare shi, milimita 23 da 28, kuma kusan kowa 28 yake ɗauka. Kamfanin Boston Scientific ma sun taɓa fitar da POLARx, da samfurinsa da ake iya buɗawa daga 28 zuwa 31. Zaɓin ba shi da yawa, kuma ba kowane asibiti ke ajiye duka ba.

Ga yadda abin ke gudana a gabana. An shiga ta jijiyar matsematsi, an haura zuwa zuciya ta dama, an huda bangon tsakiya an tsallaka hagu. Likita ya hura balan-balan ya danna shi a bakin jijiya, sannan ya fesa ruwan rini ta hancinsa, duk muna kallon hoton. In toshewar ta yi, rinin zai tsaya cak a cikin jijiyar, baƙi ƙirin, ba ya motsi. In akwai kafa, sai ka ga wani siririn zare na rini yana silalowa ta gefen balan-balan yana komawa cikin zuciya. Wannan zaren shi ne abokin gabarmu. Jinin da ke bi ta nan ɗumi gare shi, digiri 37, duk sanyin da ka zuba wurin ba zai daskare ba.

In komai ya yi daidai sai a taka feda, iskar nitros ta shiga. Ina ƙirga daƙiƙa da ƙarfi kowa na ji. Lambar ma'aunin sanyi tana gangarowa, 30 ƙasa da sifili, 40, wani lokaci har 50. A kan allona kuma akwai 'yan tsinin lantarkin jijiyar, suna fara jinkiri, suna jinkiri, sai su ɓace ɗif. In sun ɓace kafin daƙiƙa 60, kowa ya saki ajiyar zuciya, don irin wannan tabon yakan daɗe. A bar shi minti 3 zuwa 4 a wuce ta gaba. In kuwa an haura minti ɗaya da rabi tsinin na nan, lamba ta tsaya a 30 da 'yan kai ta ƙi sauka, to an san akwai kafa, sai a tsayar a sake zama.

A bakin da ya fi balan-balan faɗi, matsalar ta juye. Rini zai nuna toshewa mai kyau, amma don balan-balan ya zurma ciki ne. Ka daskarar da can ciki, ka bar tsokar bakin ƙofa tana ta tartsatsinta.

Ɗalibin Likita:
Yaya, ban ƙi ta taka ba, amma na karanta rahotannin cibiyoyin da suka yi wa masu haɗaɗɗiyar jijiya na sanyi kuma sakamakonsu bai bambanta da na masu huɗu ba. Ana daskarar da rabin sama, a juya balan-balan a daskarar da rabin ƙasa. Ko a shiga kowane reshe daban. Ba haramun ba ne.

Dakta Ummi:
Babu wanda ya ce haramun ne, ƙanena. Rahotannin da ka karanta suna nan, akwai kuma waɗanda suka samu ciwon ya fi dawowa a irin waɗannan mutane. Maganar ta rabu biyu har yanzu, kuma ina ganin dalilin rabuwar shi ne ana zuba abubuwa daban-daban a kwando ɗaya. Haɗaɗɗiyar jijiya iri-iri ce. Akwai gajera, wadda da ka leƙa ƙofar ga rassan biyu nan kusa, sai ka bi kowanne kamar jijiya mai zaman kanta. Akwai doguwa, wadda sai an yi tafiya a cikin kututturen kafin ya rabu. In doguwar siririya ce, balan-balan ya toshe ta gaba ɗaya, aiki ya zo da sauƙi ma, daskarewa ɗaya ta gama da jijiya biyu. In doguwa ce kuma mai faɗi, nan ne ake shan wuya.

Shi kuma FIRE AND ICE da ka kawo, matsakaicin sakamakon ɗaruruwan mutane ya faɗa mana. Bai ce kowane ƙirji ɗaya ne ba. Likitan Baba hoton mutum ɗaya ne a gabansa.

Alhaji Mai Atamfa:
Ni dai turancinku ya yi mini yawa. Abin da na sani, lokacin da ake yi mini ban yi barci sosai ba, sai na ji wata irin shaƙuwa mai ƙarfi ta kama ni, cikina na zillo, wata nas ta dafa mini ƙasan haƙarƙari ta ƙi ɗagawa. Na zaci wani abu ne ya lalace. Kaina kuma ya sara na ɗan lokaci. Amma ga ni.

Ɗan Zazzau a Ingila:
Alhaji, ranka ya daɗe, wannan shaƙuwar da gangan aka sa maka ita, kuma hannun nas ɗin nan yana cikin abubuwan da suka tsare ka.

Akwai jijiyar saƙo da ke saukowa daga wuya zuwa tantanin numfashi, wanda ya raba ƙirji da ciki, ana ce mata firenik. Ta dama tana bi ne dab da bakin jijiyar huhu ta sama ta dama, a wasu mutanen tazarar 'yan milimita ce. Sanyi ba ya tantancewa, in ya kai gare ta sai rabin tantanin ya daina motsi, mutum ya riƙa haki in ya hau bene ko ya kwanta rigingine. Shi ya sa kafin a daskarar da na dama ake sa wata waya tana zungurar jijiyar, ciki na zillo a kai a kai. Da zarar mai dafawa ya ji zillon ya fara rauni, sai ya ɗaga murya, a take a kashe sanyi a sace balan-balan, ba a jiran ƙarin daƙiƙa ɗaya. A FIRE AND ICE ɗin da ɗalibinmu ya ambata, kashi 2.7 cikin ɗari na masu sanyi sun bar asibiti da wannan rauni, masu ƙonawa babu ko ɗaya. Yawanci tana farfaɗowa cikin watanni. Nan ma siffa ce ke magana: in bakin jijiyar dama yana da faɗi kamar mazurari, balan-balan ya fi nutsewa ciki, ya fi kusantar firenik. Dalilin da ya sa aka fi son babban balan-balan ke nan ko da jijiyar ƙarama ce, don ya tsaya a waje.

Sarawar kai kuma sananniya ce a wannan aiki, tana wucewa.

Tunda an taɓo dama, wadda ta fi ba likitoci ciwon kai a kullum ma ba haɗaɗɗiyar hagu ba ce. Ta ƙasa ta dama ce. Tana kusa da inda aka huda bango, sai kateta ta yi lanƙwasa mai tsanani kafin ta fuskance ta, kuma gefen ƙasanta ne ke yawan barin kafa. Akwai dabarar da ake yi, a fara daskarewa, in saman ya manne sai a ɗan ja balan-balan ƙasa ya rufe giɓin. In mutum ya dawo aiki na biyu, sau da yawa a nan muke samun lantarki ya sake haɗewa. Na hagu kuma bakinsu ya fi zama a matse, ba kewayayye sosai ba, ga wani tudu siriri tsakanin ta sama da 'yar jakar da ke gefen zuciya, balan-balan na son zamewa a kansa. Samfurin farko na Arctic Front yana sanyaya tsakiyar cikinsa ne kawai kamar ɗamara, to in bai fuskanci jijiya sak ba an yi asara. Na biyu da ya fito a 2012 aka ƙara masa mafesa daga 4 zuwa 8, duk rabin gabansa ke yin ƙanƙara, wannan ya rage matsalar karkata sosai. Amma bai ƙara masa faɗi ba.

Baban Gida 77:
Ni fa duk wannan huje-hujen ban yarda da su ba. A dawo da dattijo gida a haɗa masa tafarnuwa da citta da zuma, da yardar Allah zuciya za ta daidaita.

Dakta Ummi:
Malam, don Allah kada a yi haka. Baba yana kan maganin tsinka jini, kuma tafarnuwa da citta masu yawa suna iya ƙara haɗarin zubar jini a kansa. Babban abin tsoro a AF gudan jini ne da ke taruwa a 'yar jakar nan ya tafi ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Zuma ba ta hana wannan.

Shugaban Zaure:
A kiyaye dokar zaure, ba a rubuta wa mara lafiya magani a nan. A ci gaba.

Ɗan Maradi:
Sannunku da ƙoƙari. Wani ɗan uwana da ke Faransa ya ce can yanzu an koma wata sabuwar hanya ta lantarki, ba sanyi ba zafi. Ita ba ruwanta da siffar jijiya ne?

Ɗan Zazzau a Ingila:
Haka ne, muna yin ta. Bugun lantarki ne mai ƙarfi na ƙiftawar ido, yana huda ƙwayoyin tsokar zuciya su mutu. Injinta mai suna Farapulse ya samu izini a Turai a 2021, a Amurka a Janairun 2024. Amfaninta biyu a wannan magana tamu. Ba ta bukatar a toshe jijiya, taɓa bango kawai take so, kan katetar yana buɗewa kamar fure, akwai na milimita 31 da na 35, ana juya shi a bi bakin ƙofa. Sannan ta fi sassauta wa maƙwabta, wato firenik da hanyar abinci, wadda ke manne a bayan zuciya kusa da jijiyar ƙasa ta hagu, kuma sanyi da zafi duk suna iya yi mata illa. Amma tana da nata abubuwan lura, kuma ba ko'ina ake da injin ba. In asibitin da Baba yake suna da shi, a tambaya. In babu, ban ga dalilin ɗage aiki a sake sabon biza saboda shi ba.

Dakta Ummi:
Abban Sadiq, ka sa ƙanenka ya koma wajen likita da ladabi ya tambayi faɗin bakin haɗaɗɗiyar jijiyar a milimita, da tsawonta kafin ta rabu, da girman balan-balan ɗin da suke da shi. Duk suna cikin rahoton siti. Ya kuma tambaye shi kai tsaye: a irin wannan siffa, wanne hannunka ya fi sabawa da shi? Likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

Abban Sadiq:
Ya je ya dawo. Likitan ma har juya masa kwamfuta ya yi ya nuna masa hoton. Faɗin bakin milimita 33 ta tsaye, 24 ta kwance, kututturen kuma ya kai santimita biyu kafin ya rabu. Balan-balan na 28 kawai suke da shi, sabon injin lantarkin babu. Ya ce ƙarin kuɗin na na'urar zana taswirar zuciya ne da ake haɗawa da na ƙonawa.

Ɗalibin Likita:
Ko a haka ana iya bi rabi-rabi da 28 ɗin. Akwai masu yi.

Dakta Ummi:
Akwai masu yi, kuma da a hannun wanda ya saba da hakan Baba yake, ba zan hana ba. Amma duba lambobin. Ta tsaye ƙofar ta fi balan-balan da milimita 5, ta kwance ta fi shi ƙanƙanta da 4. Ba zai toshe ta a waje ba, in an matsa kuma sai ya shige cikin kututture, inda ake gudun ƙuntatar jijiya daga baya da taɓa bututun iska, mutum ya yi ta tari har da jini. In an bi rabi-rabi, kowace daskarewa ana yin ta ne jini na wucewa ta ɗaya gefen, wato an rasa ainihin abin da ya sa balan-balan ke da kyau. Mutumin da zai riƙe katetar ya ce ga inda hannunsa ya fi ƙarfi. Da mahaifina ne, na ƙonawar zan sa hannu a kai. Zai fi daɗewa a kan gado kaɗan, shi ke nan.

Ku kuma sani tun yanzu: ko wanne aka yi, zai ci gaba da maganin tsinka jini aƙalla wata biyu, daga nan likita ya duba shekarunsa da hawan jini da suga kafin a ce a tsaya ko a ci gaba. In bugun ya ɗan dawo a makonnin farko, kada hankali ya tashi, wurin ne bai gama warkewa ba.

Alhaji Mai Atamfa:
To Dakta, ke kika san hagu da dama. Ni dai nawa na sanyi ne kuma ban yi nadama ba. Allah ya sa a yi a sa'a.

Maman Yusra:
Ina ta bibiyarku shiru. Anti Dakta, Hajiyarmu ma AF gare ta, amma ita an ce ƙofar zuciyarta ce ta tsuke tun ciwon gaɓoɓin da ta yi tana yarinya. Kullum bugun a hargitse yake, ba ya zuwa ya tafi irin na Baban Abban Sadiq. Mu ma mu fara tara kuɗin balan-balan ɗin ne?

Dakta Ummi:
A'a Maman Yusra, kada ku fara ta nan. Irin na Hajiya shi muka fi gani a asibitocinmu fiye da yadda ake ganinsa a Turai, kuma labarinsa daban ne. Ƙofar da ta tsuke tana sa jini ya taru a baya, ɗakin sama na hagu ya kumbura ya saki shekara da shekaru, bangonsa duk ya yi tabo. A irin wannan zuciya hargitsin ya bar bakin jijiyoyi ya bazu ko'ina a bango, ko an zagaye jijiyoyin huɗu da kyau yakan dawo. Babban binciken da aka ambata a sama ma bai sa masu irin ciwonta a ciki ba. Abin da za a fara dubawa shi ne ƙofar kanta, a yi eko, wato hoton zuciya, a auna yadda ta tsuke, a ga ko ta buɗawa ce ko ta canzawa.

Wane maganin tsinka jini take sha?

Maman Yusra:
Warfarin ne, amma gwajin INR ɗin nan, na auna yadda jini ya tsinke, yana wahalar da mu, kullum sai an je an bi layi. Wani mai kemis ya ce mu koma rivaroxaban, ba ya bukatar gwaji.

Dakta Ummi:
Kada ku canza. An gwada wannan tambayar taku daidai a binciken INVICTUS da ya fito a 2022, mutum sama da 4,500 masu AF da ciwon ƙofar zuciya irin nata, daga Afirka da Asiya da Latin Amurka. Waɗanda ke kan warfarin da danginsa sun fi tsira daga mutuwa da shanyewar jiki fiye da masu rivaroxaban. A riƙe INR ɗinta tsakanin 2 da 3. Ki duba katinta ki gaya mini na ƙarshe nawa ne, kuma yaushe aka yi.

Maman Yusra:
1.4 aka rubuta, tun kafin azumi.

Dakta Ummi:
Ya yi ƙasa, kuma ya daɗe. Ku kai ta gobe a sake, ku tafi da duk kwalayen magungunan da take sha, har na gargajiya in akwai, likitanta ya gani da idonsa kafin ya taɓa adadin ƙwayar.